Ƙuda Mai Jan Ido a Ƙafar Tanimu

Yantala, Yamai, watan Maris 1985

Istifanus, aje abin da ke hannunka. Ko tuwo kake ci, ɗauke hannu ka saurare ni yanzu-yanzu. Ni ce gwaggonka Lidiya.

Malam Oumarou da ke rubuta mini, nan bakin gidan waya, ya ce ba a fara takarda haka sai da gaisuwa. To ga gaisuwa. Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, ina gaida matarka da yara. Ni lafiyata lau, sai gwiwar nan da ka sani. Zafi ya shigo, kogi ya janye har jakuna na kiwo inda da jirage ke wucewa wajen Gaweye. Shi ke nan, gaisuwa ta ƙare, Malam rubuta magana.

Maganar Tanimu ce, ƙanen ubanka, autanmu. Yana ɗakina. Bara gonarsa ta Dogon Dutsi ko abin da kaza za ta tsattsaga ba ta ba shi ba, ya taho Yamai yana dako a kasuwar Katako, yana ɗaukar itace da kwanon rufi a ka. Ran nan anka yi gudu a kasuwa. Malam Oumarou ya ce kar in faɗi abin da ya sa anka yi gudun, to ban faɗa ba. Cikin gudun kwano ya yanke shi a ƙwauri, sama da idon sawu kaɗan. Na wanke da ruwan gishiri na ɗaure. Ba mu je likita ba, don ba shi da karta, takardar shaida, kuma baƙon da ba shi da karta kamyo, babbar mota, ake zuba shi a mai da shi ƙauye. Ƙauyen kuwa babu ko ƙwaya.

Sai ƙudaje sunka same shi.

Kar ka ce mini ƙuda ai ƙuda ne. Na tsufa da ƙuda. Na san na tuwo, na san koren nan mai ƙyalli na wajen mahauta. Waɗanga daban ne. Manya ne, rigarsu toka-toka da baƙin zane a baya, idonsu ja wur. Ba su zuwa da yawa, ɗaya ko biyu, su tsaya bakin ƙofa suna kallon mutum. Ka yi musu tsawa ba su gudu, sai su gusa kaɗan su dawo. Da rana tsaka suke zuwa, kai tsaye wurinsa, kamar an ba su sunansa. Na ɓoye shi cikin sange, gidan sauro, sun same shi. Kuma in za su tafi sai sun bar masa ɗiyansu. Ɗiyan nan ba zan kira sunansu ba. Mutum na numfashi ba a kiran wanga suna a kansa. Amma suna nan gare shi, suna cin sa da ransa, Istifanus, yana jin su. Kullum da safe ina fama da su, in fitar da waɗanda na iya, kafin la'asar wasu sun maye gurbi.

Kai ne anka kai Kodebuwa aikin ƙuda. Da muna maka dariya, mu ce duk lakwal ɗin nan, duk makarantar nan, ƙarshenta ɗana tarko da ruɓaɓɓiyar hanta. Yau babu mai dariya. Gaya mini daga ina sunka fito, da abin da ke korarsu. In ci gaba da faɗa da su ko in bar su? Abin da ka ce shi zan yi. Ƙafar mutumin nan ita ce jakinsa, ita ce garmarsa, ba shi da wani abu bayanta.

Amsa da sauri.

Gwaggonka Lidiya


Abijan, watan Afrilu 1985

Gwaggo,

Ina gaishe ki da girmamawa. Mu duka lafiya, yara suna gaishe ki. Nan ruwa ya fara sauka, nakan tsaya in dube shi in ji kunya, in na tuna gida. Ki riƙa shafa wa gwiwar man kaɗe da yamma.

Takardarki ta daɗe a hanya, kuma bakin ambulan ɗin ya nuna an buɗe an sake liƙewa. Saboda haka zan amsa miki da irin harshen da kika yi mini magana.

Na gane, Gwaggo. Na tuna marigayi Baba, tun shekarar da mulki ya canja hannu, yadda yakan rage murya ya ce mana "ƙudaje sun sauka" in motarsu ta tsaya bakin kasuwa, ko ya ji ƙarar manyan takalmansu a ƙofar gida. Ƙudan gaske kuwa aikina ne, na san shi. Mai toka da jan ido mushe yake bi, ba ya cin mai rai. Shi ya sa na tabbata ba shi kike nufi ba. Kin yi dabara, kada ki ƙara bayani a takarda.

Ga shawarata, ki riƙe ta da kyau.

Kada ki yi faɗa da su. Kada ki kore su. Ɗiyan nan da suke bari, kada ki taɓa ko ɗaya, ko da kin ga kin fi ƙarfinsa, domin in an fitar da ɗaya wasu ne za su zo a kansa. Kada ki fita da Baba Tanimu ko'ina, balle likita, can ne suka fi sa ido. Ki kama bakinki ko ga maƙwabta. Irin waɗannan, in sun ci abin da suka zo ci suka ga babu saura, da kansu suke tashi. Haƙuri ne kawai maganinsu.

Na san abin da wuya. Ina addu'a safe da yamma. Ki gaida Baba Tanimu, ki ce masa ya daure.

Ɗanki Istifanus


Yantala, ƙarshen watan Afrilu 1985

Istifanus,

Gaisuwa. Ina fata kuna lafiya. Ni ba na barci sosai amma ina tsaye. Wagga takarda Mariya ce ke rubuta ta, malamar lakwal 'yar Maraɗi da ke ɗaki kusa da nawa, muna majami'a ɗaya. Kuma ba gidan waya za ta bi ba, wani direban albasa ne zai kawo maka hannu da hannu. Na ce mata duk abin da ya fito bakina ta sa, kar ta gyara mini.

Malam Oumarou ya daina yi mini rubutu. Ran da takardarka ta zo na kai masa, ya fara karantawa lafiya lau, har man kaɗe. Sai na ga idonsa na tafiya kan takarda bakinsa ba ya motsi. Ya waiga dama ya waiga hagu. Na ce, "Malam, me ya ce?" Ya ce, "Sauran gaisuwa ce, Inna." Na ce, "Gaisuwa ce ke sa ka zufa?" Sai ya tsallaka ƙasa ya karanta mini shawararka da sauri kamar ana binsa, ya naɗe ya tura mini cikin zane. Ya ce, "Inna, ina da iyali. Je ki ƙone wannan, kuma gobe ki nemi wani teburi." Na ƙone. Ina ƙonawa ina cewa, yau ga duniya, har maganar ƙuda ta zama laifi.

To na bi maganarka. Ka ce kar in taɓa ɗiyan, na aje tsinken da nake zaƙulo su da shi. Na daina ɗiga kananzir. Raina bai so ba, amma akwai wani tsohon sojan Faransa a layinmu, na tambaye shi a kaikaice, ya ce gaskiya ne, a wajen yaƙi sun ga ana barin su cikin ciwo su cinye ruɓa su bar nama mai kyau. Na ce to, mai ilimi ya faɗa, wanda ya je yaƙi ya faɗa, ke Lidiya wace ce?

Istifanus, ba su tsaya ga ruɓa ba. Ruɓa ta ƙare sun shiga mai kyau. Waɗanda sunka ƙoshi sun faɗo ƙasa sun shige turɓaya, gaskiyarka nan, amma kafin su faɗo uwayen sun kawo wasu. Ciwon da tafin hannuna ke rufewa yanzu ya yi rami, ya yi ɗakuna a ciki. Jiya na ga fari a ƙasan ramin, Mariya ta ce ƙashi ne. Ƙafar ta kumbura har gwiwa. Shi kuwa ka san shi da baki. Ya ce mini, "Yaya, na zo Yamai neman abinci, ashe ni ne abincin." Ya yi dariya, sannan ya ciji matashi.

Yanzu zan kira sunan, Allah ya gafarta mini. Tsutsa ce. Tsutsa nake gaya maka tun farko. Rubuta, Mariya.

Na zauna na yi gadi rana ɗungum don in ga yadda suke yi, tunda ban taɓa ganin ƙwai ba ko sau ɗaya. Na gani da idona. Uwar ta sauka bisa sange daidai saitin ƙafar, ta lanƙwasa gindi, ta saki abin ta cikin hujin sangen ya faɗa kan tsumma yana motsi. Ba ƙwai take yi ba, haihuwa take yi kamar akuya! Na buge ta da takalmi, cikinta ya fashe, ga su nan ƙanana fari fat suna rarrafe. Ta biyu na kama ta da ƙwarya don kar ta lalace, na bar ta ta mutu.

Ga ta nan cikin kwalin alimeti, ashana, na naɗe da auduga. Buɗe ka duba. Kai ka san su a takarda, to ga ta a hannu. In har ita ce ka ce in yi wa haƙuri, sake gaya mini da bakinka.

Amma ka sani na koma ga tsinkena tun jiya, ban jira izininka ba. Mariya na ta cewa likita, likita. Tanimu ya ce in na kai shi, ko sojoji su jefa shi kamyo ko lokotoro ya sare ƙafar, gara ya mutu ɗakina da ƙafafunsa biyu. I, sojoji na ce. Su ne sunka kori mutane a Katako ran nan, suna kamen marasa karta. Ina tsoronsu har cikin hanjina. Amma ina kallon ƙafar nan kullum, kuma tsoron ya fara raguwa gabanta.

Gwaggonka Lidiya


Abijan, watan Mayu 1985

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Mu lafiya. Direban yana tsaye a kaina zai juya, don haka a gafarce ni in gaisuwar ta gajarta.

Mariya, don Allah karanta mata kowace kalma, kada ki tsallake komai.

Ki kai Baba Tanimu likita yau. Ba gobe ba. Duk abin da na rubuta a waccan takarda ki zubar da shi. Na ɗauka da kika ce ƙudaje sojoji kike nufi, kamar yadda Baba ke kiransu, ɗiyansu kuma 'yan leƙen asirin da suke bari a gida. A kan sojoji na ba ki shawara. Layukan da Malam Oumarou ya tsallake, nan ne na faɗi haka. Kin tambaye ni abin da na sani, na amsa miki da abin da nake tsoro. Da na buɗe kwalin alimetin nan na ga kuskurena.

Ga abin da kika aiko. Dangin wannan ƙuda duk haka suke, ba sa ƙwai, tsutsa suke haifa da ranta, shi ya sa sange bai tsare ba. Amma dangin suna da yawa, kowane da ƙasarsa. Na ɗana tarko daga bakin teku har Korogo. Cikin kurmi mai duhu kaɗan ake samu, ba sa son inuwa. A bakin gari, kasuwa da mayanka, suna da yawa. In ana hawa arewa, itatuwa na raguwa rana na ƙaruwa, su ma suna ƙaruwa. Duk waɗannan da nake kamawa, cikinsu zane ne gida-gida kamar allon dara, kuma mushe da ƙazanta suke bi. Su na sani, da su na auna maganarki.

Taki ba haka take ba. Na juya ta, cikinta fari-fari ne da ɗigon baƙi kamar zabo. Wannan ta ƙasar rairayi ce, ta wajen raƙuma da tumaki. Ban taɓa ganinta da rai ba, sai a akwatin ajiya na wurin aikinmu, an soke ta da allura, an rubuta Agadas a ƙasa. Ita ba ta jiran a mutu. Ciwon mai rai take nema, kuma ɗiyanta ba sa tsayawa sai sun kai ƙashi. A ganina fari ne ya kawo ta. Makiyaya sun gangaro da ragowar dabbobi har bakin kogi, kowace da gyambo a baya, ita kuma ta biyo abincinta.

Kafin ku isa likita: ki cika ramin da man gyaɗa, ta baya suke numfashi, za su ɗago ki cire. Kada ki fashe su a ciki. Ki rufe da ƙyalle mai kauri, ninki da yawa, ki ɗaure gefen tam, ba sange ba. Waɗanda suka faɗo ki ƙone, in sun shiga ƙasa uwaye ne za su fito.

In sojoji sun tare ku, su tare. Kamyo yana mai da mutum ƙauye, ana dawowa daga ƙauye.

Ki yafe mini, Gwaggo. Ki roƙar mini Baba Tanimu.

Istifanus


Yamai, ƙarshen watan Mayu 1985

Istifanus ɗana,

Gaisuwa gare ka da iyali. Ni lafiya. Mariya ce ke rubutu, muna zaune ƙarƙashin itacen bedi a farfajiyar babbar likita. Nan takardarka ta same ni. Ban jira ta ba, mun riga ta zuwa.

Bayan direban ya tafi da kwalin, zazzaɓi ya kama Tanimu, ya fara kirana da sunan uwarmu. Na ce to, ya isa. Da safe na samo mai sharet, amalanken jaki, munka ɗora shi. Ya farfaɗo yana cewa, "Yaya, kin sayar da ni." Na ce, "I, na sayar. Kwanta."

Kan hanya kuwa ga sojojin, sun gitta ƙarfe a titi. Wani dogo da bindiga ya taho ya ce, "Tsohuwa, kartar mutumin nan." Ban san sanda hannuna ya kwance tsumman ba. Na ce, "Ga kartarsa, ɗana. Karanta." Ya duƙa ya leƙa, ya ja da baya ya toshe hanci da hularsa. Sannan ya ce wa na bakin ƙarfen, "Ɗaga." Ya ce wa mai jakin, "Kai kuma in ka tsaya a hanya sai na neme ka." Shi ke nan. Abin da ya tsare ni ɗaki tun farkon zafi, shi ke nan tsawonsa.

An yanke ƙafar, Istifanus. Ƙasa da gwiwa. Lokotoro ya ce ƙashin ya riga ya ɓaci, in an bar ta za ta tafi da shi duka. Ya tambaye ni, ni ce babba, na ce a yanke. Ni na ce, ba kai ba, ba Tanimu ba. Yana da rai. Zazzaɓin ya sauka, jiya ya sha kunu ya ce babu sukari.

Mariya ta karanta mini takardarka duka, har inda tawada ta jiƙe. Da ta kai wajen ubanka da ƙudajensa sai na dafe kai. Ai na san wagga magana tasa, a gabana ya sha faɗinta. Ko kusa ba ta zo mini ba, ni da abin ke motsi gaban idona. Na gaya wa Tanimu. Ya ce, "Wato marigayi Yaya yana kabari ma bai daina sa ni cikin wahala ba." Ya ce in gaya maka ya yafe, amma in ka zo gida kai ne za ka ɗauke shi zuwa kasuwa a baya. Ni ban da lokacin zaman yafiya da kuka. Kai ka ji tsoro, Malam Oumarou ya ji tsoro, ni na ji tsoro na ƙi kiran abu da sunansa. Ya wuce. Kar ka ƙara jiƙa mini takarda.

Abin da ka faɗa na ɗigon zabo ya yi amfani. Na sa Mariya ta karanta wa majo, babban mai jinya na ɗakin, ya ce Tanimu ba shi ne na farko ba bana, an kawo makiyaya da yaransu daga zangon bayan gari da irin wanga ciwo, har a kunne. Yanzu duk macen da ta zo jinya ina kama hannunta in ce, sange ba ya tsarewa, ƙyalle mai kauri, kuma kar ki jira. Suna ce mini tsohuwar ƙuda. Su ce.

Ga aikin da zan ba ka, kuma wanga karo babu harshe biyu. Hadari ya fara haɗuwa gabas da yamma-yamma. In Allah ya sako ruwa bana, gonar Dogon Dutsi ba ta san an yanke ƙafa ba, shuka take jira. Tanimu na da ɗa nan wurinka Abijan, Idrisa, babban ɗansa, yana tura kura a kasuwar Ajame wajen 'yan albasa. Bai san komai ba. Ya aiko kwanaki wai zai sayo wa ubansa takalman roba na noma. Tanimu ya ce a gaya masa ƙafa ɗaya ta isa, ya nemi ragi.

Kar ka rubuta wa kowa a gida tukuna. Kar fasto ya ji, kar Habsatu matar Tanimu ta ji daga bakin direbobi, ni zan tafi in gaya mata da kaina in an sallame mu. Ka tashi ka je Ajame da ƙafarka, ka zaunar da yaron, ka dube shi cikin ido ka kira kowane abu da sunansa. Ka ce ubansa na da rai, ƙafa ta tafi, gona na jiransa.

Idrisa za ka fara gaya wa. Shi ne na farko.

Gwaggonka Lidiya